IBADA TSAKANIN SAMA DA ƘASA: NASIHA GA MAI DOGUWAR TAFIYA A JIRGI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



A da idan aka ce mace ta hau jirgin sama ba sai an tambaya ba, an san Makka ta nufa. Awa huɗu da 'yan kai ta sauka Jidda, ga malaman bita, ga 'yan uwa alhazai, kowa na tuna wa kowa. Yanzu kuwa abin ya faɗaɗa. Wata ta tafi Dubai ko ƙasar Sin saro kaya, wata ta raka maigida jinya Indiya ko Masar, wata kuma 'yarta ce ta haihu a Ingila ko Amurka za ta je wankan jego. Irin wannan tafiya ba mai yi miki bita. Za ki zauna a kujera ɗaya awa goma ko fiye, cikin mutanen da yawancinsu ba su san me ake kira alwala ba. Kuma na lura idan muka dawo, labarin kasuwa da sanyin gari da tsaraba muke bayarwa. Da wuya ki ji wadda ta ce ga yadda ta yi da sallolinta a hanya.

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina wa'azin abin da ban ɗanɗana ba. Shekarun baya na raka wata yayata 'yar kasuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin, tare da babban ɗanta. Daga Kano muka yada zango a Adis Ababa, muka yi Magariba da Isha'i a can, wajen tsakar dare muka shiga babban jirgin da zai yi awa goma da wani abu a sama. Aka ba mu abinci, aka rage fitilu, aka rufe tagogi, gajiya ta kwashe ni. Da na farka na duba agogon hannuna, ƙarfe uku da 'yan mintuna na dare. Na ce alhamdu lillahi, da sauran lokaci, har ma in samu in yi nafila. Sai na ɗan ɗaga murfin taga. Wallahi 'yar uwa, rana ce tarwai kamar hantsi! Asuba ta zo ta wuce ina barci, ni kuwa ina riƙe da agogon Kano.

Abin da ya faru ba wani abin mamaki ba ne. Tsakanin Nijeriya da ƙasar Sin akwai ratar awa 7, su ne a gaba. Jirgin yana gudun kusan kilomita 900 a awa ɗaya, kuma gabas ya nufa, wato rana yake tara. Don haka dare ya gajarce, alfijir ya keto tun agogon Kano bai kai ƙarfe biyu ba. Ba nan kaɗai ba, tazarar da ke tsakanin ketowar alfijir da fitowar rana, wadda a ƙasa takan kai awa ɗaya da kwata, a irin wannan jirgin tana iya komawa ƙasa da minti 50. Idan yamma kika nufa, kamar mai zuwa Amurka da rana, sai abin ya juye: yini ya yi ta ja, ki yi ta jiran Magariba ta ƙi zuwa.

Allah (SWT) Ya gaya mana a Suratun Nisa'i, aya ta 103, cewa sallah farilla ce mai ƙayyadajjen lokaci a kan muminai. Lokacin nan kuwa da rana aka ɗaure shi, ranar wurin da kike a wannan sa'ar, ko da kina saman teku. Agogon garin da kika baro ba ruwansa da ke, haka ma na garin da za ki. Wanda barci ya rinjaya babu laifi a kansa, sai ya yi sallar da zarar ya farka. Ko Manzon Allah (SAW) da sahabbansa sun taɓa makara a hanyar dawowa daga Haibara, bayan an sa Bilal (RA) ya yi musu gadin alfijir shi ma barci ya ɗauke shi, zafin rana ne ya tashe su. Amma ki duba, sai da suka sa mai gadi. Ni ban sa kowa ba, ban ma yi tunanin abin ba, kuma nan ne sakacina yake. Tun daga ranar, kafin in rufe ido a jirgi sai na kiyasta awa nawa ya rage alfijir, na sa ƙararrawar waya, na kuma roƙi na kusa da ni ko ma'aikaciyar jirgi ta tashe ni. Taswirar da ke kan allon gaban kujerarki tana nuna inda dare ya ƙare da inda gari ya waye a doron ƙasa. Ki riƙa duba ta, ta fi fim amfani.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wadda idonta biyu, ta san lokaci ya yi, amma ta ce bari sai an sauka ta haɗa su gaba ɗaya ta rama. Dalilinta kunya: Turawa za su kalle ta, ko banɗakin ya yi ƙanƙanta, ko ba ta san inda gabas take ba. 'Yar uwa, addinin nan bai bar miki wannan ƙofar ba, domin ya riga ya buɗe miki waɗansu da suka fi ta sauƙi.

Ta farko ita ce kasaru, wadda asalinta ke cikin aya ta 101 ta wannan Surar ta Nisa'i. Azahar da La'asar da Isha'i su koma raka'a bibbiyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. A mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi ga wanda tafiyarsa ta kai mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, kuma tana farawa ne bayan an wuce gine-ginen gari. Saboda haka mutuniyar Kano da ke zaune a ɗakin jira na filin jirgin Malam Aminu Kano ba ta fara kasaru ba tukuna, don filin a cikin gari yake. Huɗu za ta yi. Da yawa muna kuskure a nan.

Ta biyu ita ce jam'i, wato haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i, a lokacin ɗaya daga cikinsu. Anas (RA) ya ba da labarin cewa idan Manzon Allah (SAW) ya kama hanya kafin rana ta karkata, yakan jinkirta Azahar zuwa lokacin La'asar ya haɗa su, Mu'azu (RA) kuma ya ruwaito irin wannan haɗawa a tafiyar Tabuka. Littattafanmu na Malikiyya sun keɓance wannan rangwame ga tafiyar tudu, amma Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta shi a duk tafiyar da ake kasaru, kuma a kan haka mafi yawan malaman wannan zamani suke ba masu hawa jirgi fatawa. To sai ki ɗauki tikitinki tun a gida ki yi lissafi. Duk sallar da za ki iya yi a ƙasa, a tsaye, da cikakken ruku'u da sujada, ko kafin tashi ko a wurin yada zango, a can za ki yi ta. Idan rana ta faɗi kina sama amma za ki sauka cikin lokacin Isha'i, ki yi niyyar jinkirta Magariba ki haɗa su a ƙasa. Sai dai ki riƙe wannan da kyau: La'asar ba ta haɗuwa da Magariba, Asuba kuma ba ta haɗuwa da kowa. Su biyun nan su ne suka fi riskar mutum a sama, kuma idan lokacinsu zai fita kafin a sauka, a cikin jirgin za a yi su.

Yaya za a yi? Idan akwai wuri, a tsaye. Manyan jiragen Saudia suna da ɗan wurin sallah a baya, a waɗansu jiragen kuma idan kika tambayi ma'aikata cikin ladabi, lokacin da ba a rabon abinci, sukan nuna miki wani lungu na minti uku. Idan sun ce a'a, ko fitilar ɗaura bel tana kunne, kada ki yi gardama, kada kuma ki shimfiɗa sallaya a kan hanya ki tare wa mutane wucewa. Imrana ɗan Husaini (RA) yana fama da rashin lafiya ya tambayi Annabi (SAW), sai ya umarce shi ya yi sallah a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Ki zauna a kujerarki ki yi kabbara, ki yi nuni da ruku'u, nunin sujada ya fi shi yin ƙasa. Akwai malaman da suke son a sake ta idan an sauka lokacinta bai fita ba, wannan kuma ya fi kwantar da hankali.

Maganar alƙibla tana da ban dariya a wurinmu, domin mun taso muna cewa "fuskantar gabas" har mun ɗauka gabas ɗin ce alƙibla. A Adis Ababa arewa ake kallo. A Guangzhou yamma ake kallo. A birnin New York arewa maso gabas. Idan jirginki ya wuce yankin Larabawa ya nufi Indiya, Ka'aba tana bayanki ne. Jiragen ƙasashen Larabawa da yawa suna nuna alƙibla a allo. Ki fuskance ta gwargwadon ikonki, abin da ya gagara kuma Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, kamar yadda ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar.

Sai alwala, wadda ita ce babbar hujjar masu jinkiri. Gaskiya ne banɗakin jirgi ko juyawa da ƙyar ake yi, famfonsa kuma ɗis-ɗis yake zuba. Amma farillar alwala wanki ɗaya ne ga kowace gaɓa, na biyu da na uku ƙari ne. Kofi ɗaya na ruwa ya isa mai tattali. Ki shiga da ƙaramar gora a madadin buta, kada ki ɗora ƙafa a cikin abin wanke hannu, in kin gama kuma ki sa takarda ki goge ruwan da ya zuba. Na taɓa shiga bayan wata baiwar Allah na tarar da wurin kamar an yi ambaliya, na fito na ga yadda mutanen da ke layi suke kallon hijabina. Ba ita suka zarga ba, addininmu suka zarga. Dabara mai kyau ita ce ki yi alwala a ƙasa ki sa huffi, in ya so a sama shafa kawai za ki yi. A Malikiyya sai huffin fata, Hanbaliyya kuwa sun yarda da safa mai kauri, kuma ga matafiyi mafi yawan malamai sun ƙayyade kwana uku da dararensu.

Idan ruwan ya ƙare, ko akwai lalurar da ta hana ki taɓa shi, sai taimama. Ƙaramin dutse mai tsabta a jakar hannu ya wadatar a mazhabarmu. Kin kuwa san sanadin saukar ayar taimama mace ce, kuma a hanyar tafiya? Sarƙar wuyan Nana A'isha (RA) ce ta ɓace, Annabi (SAW) ya tsayar da ayari ana nema a wurin da babu ruwa, mutane suka kai ƙara wurin mahaifinta Abubakar (RA), ya zo ya yi mata faɗa sosai. Da gari ya waye Allah Ya saukar da sauƙin taimama, har Usaidu ɗan Hudairu (RA) ya yaba wa gidan Abubakar da cewa wannan ba ita ce albarkarsu ta farko ba. Da aka tayar da raƙumin da take kai, sai ga sarƙar a ƙarƙashinsa. Rangwamen da aka saukar ta sanadin uwarmu, bai kamata mu ne za mu jahilce shi ba. Haka wadda tsarki ya zo mata daga al'ada tana sama, ba halin wanka, lokaci kuma zai fita: taimama za ta yi ta yi sallarta, ta yi wanka idan ta sauka.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon mu bari. Wasunmu don gudun shiga banɗaki, ko don alwala ta daɗe, sai su ƙi shan ruwa, su ƙi motsawa daga kujera tun daga tashi har sauka. Wannan ganganci ne da rai. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, ga doguwar zama ƙafa a lanƙwashe, abin da ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Idan gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa haɗarin yana ninkawa kusan sau biyu bayan zaman awa 4 ko fiye. Mai ciki, da mai jego, da mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, da mai ƙiba, su suka fi shiga haɗarin. Ki sha ruwa, ki riƙa motsa ƙafa, ki tashi ki ɗan zaga duk bayan awa ɗaya ko biyu. Kin ga ashe tashi alwala ma magani ne. Idan bayan kin sauka ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za ki nufa ba mai tausa ba. Mai juna biyu kuma ta ga likita tun kafin a yanki tikiti, domin yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda cikinta ya wuce mako 36.

Abinci ba sai na tsawaita ba. Idan jirgin ba na ƙasar Musulmi ba ne, ana neman abincin halal ne tun wajen yankan tikiti, aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. In an manta, ki zaɓi kifi ko ganye, ki riƙe dabino a jaka. Masu kai wa 'ya'ya kilishi da dambun nama Amurka su sani ba a yarda a shiga da nama ba, kuma akwai tambaya a kan haka wurin shiga. Kada ki yi ƙarya saboda kilishi.

Batun muharrami kuwa ba na wasa ba ne. Hadisan da suka hana mace doguwar tafiya ba tare da miji ko muharrami ba suna cikin Buhari da Muslim. Imamu Malik ya yi sauƙi ga Hajjin farilla idan akwai amintacciyar tawaga, waɗansu malaman zamani kuma sun faɗaɗa wannan zuwa tafiyar jirgi idan akwai aminci, a raka ta a can a tarbe ta, waɗansu kuma sun tsaya a kan hani. Ni dai abin da na gani da idona shi ne, jirgi yakan makara, a rasa na gaba, a kwana a otal a garin da ba a san kowa ba. Duk wadda ta samu muharrami kada ta bar shi don tsumin kuɗin tikiti. Izinin maigida kuwa ba saɓani a kansa, kuma izinin da aka karɓa da fushi da gori, a sake dubawa. Ki rubuta bashin da ake bin ki da wanda kike bi, da kuɗin saƙon mutane da ke hannunki, ki bar takardar a gida. Hadisin Ibnu Umar (RA) ya kwaɗaitar da cewa mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba ta a rubuce.

Tunda an zo maganar saƙo: kada ki karɓi ƙullin da ba ki buɗe kin gani ba, ko daga wa ya fito. Ba mu manta da ɗalibar nan da ta tafi Umara tare da mahaifiyarta a watan Disamba 2018 ba, aka kama ta a Madina saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta tun daga filin jirgi ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta. Saudiyya da ƙasar Sin duka suna yanke hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi. Ki ƙirga jakunkunanki, ki ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka liƙa miki, su zo daidai.

Wurin bincike kina da damar neman mace ta duba ki, a keɓantaccen wuri idan sai an ɗaga hijabi ko niƙabi. Idan kujerarki ta faɗo tsakanin maza, ki nemi canji cikin lalama, sau da yawa ana dacewa. Abin da ba na so in gani, kuma na sha gani, shi ne jirgi na ɗagawa sai hijabi ya koma jaka, wai an bar idon sani. Ubangijin Kano Shi ne Ubangijin Dubai.

Wata sa'a jirgi yakan shiga gargada, ya yi ta jijjiga kamar mota a hanyar ƙauye, kofuna su zube. A nan za ki ji salati daga bakin da tun tashi ba a ji ya ambaci Allah ba. Alƙur'ani ya riga ya ba da labarin wannan hali a Suratul Ankabut, aya ta 65, game da masu shiga jirgin ruwa: a tsakiyar teku su kira Allah Shi kaɗai, da sun taka tudu su koma gidan jiya. Gargada ba kasafai take zama haɗari ga jirgi ba, ki ɗaura bel ki natsu. Amma ki yi tunani a kan inda kike: kilomita 10 ko fiye sama da ƙasa, sanyin da ke bayan tagar nan ya kai digiri 50 ƙasa da sifiri, ke kuma ga ki da shayi a hannu. Wanda Yake riƙe da tsuntsaye a sararin sama, kamar yadda Suratul Mulk ta tunatar a aya ta 19, Shi ne Yake riƙe da ke. Shi ya sa addu'ar hawa, wadda ke cikin Suratuz Zukhruf aya ta 13 da 14, ta fara da tsarkake Wanda Ya hore mana abin da ba mu da ikon sarrafawa, ta ƙare da tuna cewa gare Shi za mu koma. Ki haddace ta, ki koya wa yara. Kuma matafiyi yana cikin mutum uku da hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya ce ana amsa addu'arsu. Awa goma kina cikin wannan matsayi, ba girki, ba kukan yaro, ba sallamar baƙi. Yaushe rabon da ki samu irin wannan sarari? Ki roƙa wa mijinki da 'ya'yanki da iyayenki, ki roƙa wa ƙasarmu zaman lafiya.

Idan tafiyar ta faɗo cikin Ramadan, an yi miki rangwame ki sha ki rama, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 185. Wadda ta zaɓi ta yi azumin kuma, ba za ta buɗe baki da agogon gida ba, ba kuma da agogon garin da jirgi ke wucewa ta samansa ba. Muddin tana ganin rana ta taga, azumi na nan. Mai zuwa yamma ta yi wa kanta adalci, don yininta zai iya ƙaruwa da awa biyar ko shida.

Idan kin sauka lafiya, ki san kwana nawa za ki yi. A Malikiyya, da zarar kin yi niyyar zaman cikakkun kwana 4, kasaru ta ƙare, sai cikawa. Mai sati biyu tana saro kaya, ko mai wata uku tana wankan jego, ba matafiya ba ce a wannan hukuncin. Kwanakin farko barci zai rikice miki, ki ji shi da rana ki rasa shi da dare, don haka ki nemi jadawalin sallar garin tun ranar da kika isa, ki tambayi alƙibla kafin ki shimfiɗa sallaya. Mu dai a daren farko a Guangzhou, yayata ta riga ta tayar da kabbara tana kallon mafitar rana, sai da ɗanta ya juyo da ita.